Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Daraktan Kiwon Lafiya na Jihar Maraɗi kan ƙarambau da rigakafinsa

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ku da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, Allah ya taya ku riƙo. Ni malamar makaranta ce a nan birnin Maraɗi, shekara 16 ke nan ina koyarwa, galibi a ajin farko, wato CI. Ban karanci aikin likita ba. Abin da ya sa na rubuto muku, kuma na bar takardar a buɗe don kowa ya gani, wata jaririya ce da aka haifa a gidanmu a watan Maris na bara, ta yi kwana 13 a duniya ta koma. Ƙarambau ne ya yi ajalinta. Har yau idan na faɗi haka a gidan suna ko wurin gaisuwa, sai wata ta gyara mini zance, ta ce ko dai dusa, wato ƙyanda, nake nufi, domin a saninmu ƙarambau ba ya kisa.

Sanyi na ja da baya ciwon ya shigo ajina. Yara sama da 70 ne zaune kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma, to kun san sauran. Yau a ce wance ba ta zo ba, gobe wane ya zo da ƙuraje masu ruwa a wuya da bayan kunne yana ta susa. Ɗan autana yana ajin, shi ya kai mana shi gida. Bayan kamar mako 2 yayyensa da yaran maƙwabta da ke wuni a gidanmu suka kwanta bi da bi. Ba wanda hankalinsa ya tashi. Surukata ta ce a bar su su yi su huta, bashi ne na yarinta, kowa sai ya biya. Aka dafa ganyen dogon yaro ana yi musu wanka, aka barbaɗa musu hoda, ni kuma in fita aiki da safe in bar su a hannun faccalata.

Faccalata yarinya ce ƴar shekara 19, daga wani ƙauye can gaba da Dakoro aka kawo ta, cikin fari gare ta, ya shiga wata na 9. Ita ta yi jinyar yaran nan. Ita ke rungume ƙaramin idan zazzaɓi ya hana shi barci, ita ke wanke rigunan da ruwan ƙuraje ya ɓata. Ba ta taɓa yin ƙarambau ba. Ba ta san abin faɗa ba ne, mu ma ba mu tambaya ba. Awo kuwa ba ta taɓa fashi ba: an auna jininta, an ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, an yi mata allurar tetanus, an ba ta gidan sauro. Daga baya na ɗauki karnen awonta, wato ɗan littafin asibiti, na bi shafi-shafi, ban ga gurbin wannan tambaya ba. Don haka ban ga laifin ungozomar da ta duba ta ba, abin da aka ce ta tambaya ta tambaya.

Ranar Talata ƙurajen suka feso mata, ranar Juma'a ta haihu. Lokacin tari ya riga ya sarƙe ta, numfashi na yi mata wuya, ciwon ya sauka a huhu. Kwana 6 ta yi da robar iska a hanci. Tana kwance a asibiti aka yi suna, muka yanka rago muna murna uwa ta fara farfaɗowa, jaririya kuma ga ta nan tana tsotso. Washegarin suna muka ga ɗigo 3 a cikinta. Kafin kwana 2 babu inda za ka ɗora yatsa a jikinta. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, na gani da idona, Allah ya saka musu da alheri. Mun karɓi ƙaddara, kwananta ne ya ƙare. Amma Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, shi ne kuma ya ba mu bakin tambaya.

Wani matashin likita ne ya tsaya ya yi mini bayani a bakin ɗakin jarirai. Ya ce idan ƙuraje suka fito wa uwa tsakanin kwana 5 kafin haihuwa da kwana 2 bayanta, jariri yakan ɗauki ƙwayar cutar daga jikinta ba tare da ya samu garkuwarta ba, domin jikin uwar bai kai ga haɗa garkuwar ba tukuna. Ya ce da a makonni 20 na farkon ciki ne, wani hatsarin ne daban, kamar jariri 1 ko 2 cikin 100 kan zo da tawaya a ido, ko a ƙwaƙwalwa, ko a hannu da ƙafa. Sannan ya ce, kamar mai magana da kansa, da an yi mata rigakafi kafin ta ɗauki ciki da ba a zo nan ba. Na ce rigakafin me? Ya ce na ƙarambau. Ranku ya daɗe, ni da ke jera yaran mutane a layi duk ranar da masu allura suka zo makaranta, ni da karnen ƴaƴana 5 ke cike ba gurbi, ranar na fara jin cewa ƙarambau yana da rigakafi.

Tun daga ranar ban zauna ba. Na tambayi duk ma'aikacin lafiyar da na sani, na karanta abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a kai. Ashe allurar ta girmi yawancin malaman da muke aiki tare. Wani likita ɗan Japan, Michiaki Takahashi na Jami'ar Osaka, ya ga ɗansa ƙarami ya sha wuyar ƙarambau lokacin da suke zaune a Amurka, da ya koma gida sai ya duƙufa a kai. Ya ɗebi ƙwayar cutar daga ƙurjin wani yaro ɗan shekara 3, ya yi ta renonta a ɗakin bincike har ta yi laushi, ta kai inda za ta koya wa jiki faɗa ba tare da ta kayar da shi ba. A 1974 ya bayyana sakamakon. Sunan gidan su yaron Oka, kuma wannan iri na Oka shi ne a cikin kusan duk allurar ƙarambau da ake yi a duniya har yau. Abin da ya fi taɓa ni, cikin yaran da aka fara yi wa ita akwai waɗanda a asibiti suke kwance da wasu cututtuka, irin su ciwon ƙoda, aka yi musu don kada ƙarambau da ya ɓulla a ɗakinsu ya same su. Tun asali masu rauni aka yi wa tanadinta.

Amurka ta fara yi wa yaranta a 1995, ta ƙara allura ta biyu a 2006. Kafin nan mutum kusan miliyan 4 ke kamuwa a can duk shekara, a kwantar da 10,500 zuwa 13,000, mutum 100 zuwa 150 su mutu. Bayan shekara 25 kamuwar ta ragu da fiye da kashi 97 cikin 100. Jamus ta bi sahu a 2004. Ingila ta daɗe tana jan ƙafa, sai a 2023 kwamitin masananta ya ba da shawarar a sa ta cikin alluran yara. Faransa kuwa wata hanya ta ɗauka: ba ta yi wa kowane jariri, tana yi wa matasa masu shekara 12 zuwa 18 da ba su taɓa yin ciwon ba, da matan da ke shekarun haihuwa, da ma'aikatan asibiti, da masu zama da marar lafiya mai raunin garkuwa. Wannan hanya ita ta tsaya mini a rai, domin ita ce ta yi daidai da ƙarfinmu.

Na san nauyin da ke kanku. Na san damina na zuwa gadajen yara su cika da masu zazzaɓin cizon sauro, biyu-biyu, uku-uku. Na san dusa ba ta bar mu ba, yara da yawa kuma ba a maido su allurarta ta biyu. Ga sanƙarau da bazara, ga tamowa a Madarumfa da Gidan Rumji da Dakoro, ga sabuwar allurar zazzaɓin cizon sauro da aka ƙaddamar a Gaya a 2024 tana neman hannu da kuɗi. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 ya ce ƙarambau na kama mutum miliyan 140 a shekara, miliyan 4.2 ya yi musu tsanani har a kwantar da su, kusan 4,200 su mutu. In aka ajiye wannan kusa da abin da sauro ke kashewa, ƙarami ne. Allurar ba ta cikin jerin alluran yara na ƙasarmu, ƙungiyar Gavi da ke tallafa mana wajen sayen na yara ma ba ta biyan kuɗinta. Saboda haka ban zo in ce a tara jariran jihar Maraɗi gobe a yi musu ba. Hasali ma ina roƙon kada a yi hakan da gaggawa. Hukumar ta yi gargaɗi cewa duk ƙasar da za ta sa ta cikin alluran yara, sai ta tabbata za ta iya kai wa aƙalla yara 80 cikin 100, kuma ta ɗore a haka. In rabi aka yi wa, ciwon zai rage yawo amma ba zai ɓace ba, sai waɗanda aka tsallake su wuce yarinta bai same su ba, ya zo ya riske su suna manya, lokacin da ya fi muni. Wato mu ƙara yawan irin faccalata da hannunmu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da nake roƙo bai kai wannan tsada ba. Tambaya ce: kin taɓa yin ƙarambau?

A ƙasashen sanyi kusan kowa kan yi shi tun yana yaro. A ƙasashen zafi irin tamu ciwon kan makara, mutane da dama su girma bai taɓa su ba, musamman waɗanda suka tashi a ƙauyuka da rugage masu nisa da juna. Sai rayuwa ta kwaso su ta zuba a inda jama'a ke cunkushe. Amarya daga karkara ta shigo gidan yawa a Bagalam ko Sabon Gari. Almajiri ya zo tsangaya. Ɗalibi ya zo kwana ɗaki ɗaya da mutum 8. Ƴan'uwanmu da rikici ya koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019 suna zaune a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Ciwon nan kuwa ta iska yake bi, kuma cikin ƴan gida ɗaya da ba su taɓa yi ba, yakan kama har 9 cikin 10. Mai shi yana yaɗa shi kwana 1 ko 2 kafin ƙurji ko ɗaya ya fito, har zuwa ranar da duk ƙurajen suka bushe suka yi ɓawo. Wanda ya ɗauka kuma sai ya yi kwana 10 zuwa 21 kafin ya nuna. Ko da mun ware ɗan autana ranar da muka ga ƙurji, da wuya mu ce mun riga ciwon. Kariyar da za ta yi wa faccalata aiki ita ce wadda aka ba ta tun kafin a kawo ta.

Yanzu iyalai da yawa a garin nan ba sa ɗaura aure sai an je gwajin jini, na sikila da na ƙanjamau, kuma limamai da dama suna ƙarfafa hakan. Ga ƙofa a buɗe. Ma'aikacin da ke ɗibar jinin ango da amarya ya ƙara wannan tambaya ɗaya. Wadda ta ce ta yi, ko uwarta ta nuna tabo, shi ke nan. Wadda ta ce ba ta yi ba, ko ba ta sani ba, a gaya mata akwai allura, guda 2 ce, tsakaninsu mako 4 zuwa 8, kuma ana so ta yi wata 1 bayan kowace ba ta ɗauki ciki ba. Duka-duka wata 2 zuwa 3 ke nan, bai kai lokacin da muke ɗauka muna haɗa kayan ɗaki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko da ta taɓa yin ciwon ta manta, allurar ba za ta cuce ta ba.

Wadda kuma ta riga ta zo awo da ciki, ba a yi mata allurar, amma tambayar tana da amfani. A rubuta amsar a karne da babban baƙi. A gaya mata ta nisanci yaro mai ƙuraje, ko nata ne a ba wata ta yi jinya, in kuma ta riga ta kusance shi ta zo asibiti a ranar, kada ta jira ƙurji. Akwai maganin asiklobir, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje. Faccalata sai da ta yi kwana 3 muna shafa mata hoda. Bayan haihuwa kuma ana iya yi wa mace allurar ko tana shayarwa, ta shiga ciki na gaba da garkuwarta.

Ku yi wa ma'aikatanku ma wannan tambaya. Ungozoma ko malamin asibitin da bai taɓa yi ba, zai iya kwana 2 yana zagaya ɗakin haihuwa, ko ɗakin yara masu tamowa mai tsanani, yana raba ciwon bai sani ba. A ɗakunan nan akwai yaran da jikinsu ba zai iya ɗaukar ƙarambau ba, wasunsu kuma ba zai iya ɗaukar allurar ba: mai ciwon daji da ake yi wa magani, mai ƙanjamau da garkuwarsa ta faɗi ƙasa, wanda ya daɗe yana shan kotizon mai yawa. Irin waɗannan ana tsare su ne ta hanyar yi wa na kusa da su. Haka babba da ya zauna da mai ciwon, in ba mai ciki ba ce kuma garkuwarsa lafiya, idan aka yi masa allurar cikin kwana 3, ko a ƙurewa 5, tana iya hana ciwon ko ta sassauta shi.

Sai maganar da na san za ta taso, domin a nan aka haife ni. Ranar da aka ji an ce ga allurar da ake yi wa amare, kuma an ce kada su ɗauki ciki na wata 1, kafin la'asar za a ce ta hana haihuwa ce. Abin da aka faɗa a kasuwar Jibiya da safe, da yamma yana Maraɗi. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba, ba su manta da ƙauracewa allurar shan inna ta 2003 ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba a kashe irin wannan zargi da tsawa. A faɗi gaskiya duka tun farko. Ƙwayar cutar da ke cikin allurar tana da rai, an dai raunana ta, shi ya sa ake kaffa-kaffa da mai ciki. A Amurka an yi fiye da shekara 15 ana bin sawun matan da aka yi wa ita bisa kuskure suna da ƙaramin ciki, ba a samu jariri ko ɗaya da ya zo da tawayar da ƙarambau ke jawowa ba. Duk da haka aka bar dokar yadda take, don rigakafin abin da ba a gani ba. A faɗa wa mutane cewa kamar 1 cikin 5 hannunsa zai yi ciwo ko ya ɗan kumbura, kamar 1 cikin 10 zai yi zazzaɓi, ƴan kaɗan kuma ƙuraje ƙalilan za su fito musu cikin wata guda. A faɗa musu allura 1 tana tsare kusan 8 cikin 10 daga kamuwa, tana tsare kusan kowa daga mai tsanani, 2 kuma suna tsare fiye da 9 cikin 10. Wanda ya yi allura kuma ciwon ya kama shi, yawanci ƙurajensa ba sa kai 50, alhali wanda bai yi ba yakan yi 250 zuwa 500. In ba a faɗi wannan ba, ranar da aka ga ƙurji a jikin wadda aka yi wa allura, maganar ta mutu.

Akwai wani abu da na fi so mutane su ji daga bakinku kafin su ji daga bakin mai son ɓata lamarin. Wasu nau'o'in allurar, irin Varivax, akwai sinadarin jelatin a ciki wanda asalinsa daga alade ne. Wasu kuma, irin Varilrix, babu. Malaman Musulunci da likitoci sun zauna a Kuwait a 1995, suka ce abin da aka sarrafa har ya sauya daga asalinsa ya halatta a magani, amma ba kowane malami ne hankalinsa ya kwanta da hakan ba. Tun da akwai zaɓi, a zaɓo mana wadda babu jayayya a kanta. A kai takardar da ke cikin kwalin gaban malamanmu, a fassara musu ita layi-layi, a je fadar Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri a yi bayani kafin a tsira wa kowa allura. Dattawanmu masu tabon lamba a dantse sun ga agana da idonsu, sun kuma ga ƙarshenta, har duniya ta yi shelar ta ƙare a 1980. Ba baƙin rigakafi ba ne mu.

Tsorona na biyu shi ne jabu. Da zarar labari ya bazu cewa akwai allura, kuma ba a same ta a hannunku ba, za a same ta a hannun wani. Ƙasar nan ta ɗanɗana: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane allurar jabu, a 2015 da 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar an ga jabun allurar sanƙarau a Nijar. Ta ƙarambau kuwa ko ta gaskiya ce ba ta jure zafi. Wata a firigo ake ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8, wata sai a daskare, in kuma an haɗa ta da ruwanta ba ta jira. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa, kwalbar da ta kwana a jakar ɗan kasuwa daga kan iyaka ruwa ce kawai, wadda aka yi wa kuma za ta tafi tana zaton ta tsira. Don haka ina roƙon ku nemi Ma'aikatar Lafiya a Yamai ta shigo da ita ta hanyar hukuma, ko ta ONPPC, ofishin gwamnati mai shigo da magunguna, ko ta masu lasisi, a ajiye ko da kaɗan ce a wuri 1 ko 2 da kowa ya sani, kamar cibiyar kula da uwa da yaro, a liƙa farashinta a bango. Iyalin da ke iya sayen gado da katifa da kwalla, da yawansu za su iya sayen allura 2 in sun san amfaninta. Ma'aikatan asibiti da iyalan yara masu raunin garkuwa kuwa, ya dace hukuma ta ɗauke musu.

Kuma a fara ƙirga ciwon. Yaran ajina da suka kwanta bara babu wanda ya shiga wani littafi in ban da na kiran suna, a can ma fashi na rubuta. Ina ganin ƙananan asibitoci, wato CSI, kaɗan sun isa a fara da su, wasu a birni wasu a karkara, su riƙa rubuta shekarun mai ciwon, ko mai ciki ce, ko an kwantar, ko an rasa. Mu malaman makaranta za mu iya kawo namu lissafin duk mako, ba sai an biya mu ba. Akwai wani dalilin ma. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙyandar biri a matsayin barazana ga duniya a Agustan 2024, an san cewa ƙarambau ne aka fi rikita ta da shi, sai gwaji ke raba su. Wanda bai san yawan ƙarambau da ya saba gani ba, yaya zai gane ranar da baƙuwa ta shigo cikinsa? Ga ɗaliban likitanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna neman abin da za su yi bincike a kai, ga cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai. A ɗebi jinin mata masu zuwa awo, da yardarsu, a gano nawa ne cikinsu ba su da garkuwa. Jihar nan ta taɓa yin abin da ya fi wannan: a Madarumfa aka gwada allurar gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre, aka wallafa sakamakon a 2017, yau yaran wasu ƙasashe na amfana da ita. Iyayen Maraɗi sun miƙa ƴaƴansu don duniya ta ƙaru. Sun cancanci a yi bincike ɗaya kan abin da ke shiga ɗakunansu.

Akwai abin da ba sai an jira Yamai ba. Kafin sanyi ya ja baya, ku aika ma'aikaci gidajen rediyo ya yi magana da Hausar da surukata za ta gane. Ya ce kada a ba yaro mai ƙarambau asfirin, domin yana iya jawo ciwon da ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa, kuma asfirin na nan a tiren kowane mai tallar magani. Ya ce a guji ibuprofen, yana iya sa ƙuraje su rikiɗe su ci nama, farasitamol ya isa. A yanke wa yaro farce, a yi masa wanka da sabulu, a daina cusa hoda da toka a cikin ƙurji. In ƙurji ya yi ja ya kumbura yana zafi, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko yaro na haki, ko yana tangaɗi, ko barci ya yi masa nauyi, a kai shi asibiti a daren. Matan da ke shan ƙwayar ƙiba ta kan tire su sani da yawanta kotizon ne, yana karya garkuwa. A kuma gaya wa mutane cewa ƙwayar ba ta barin jiki bayan an warke, takan laɓe a jijiya shekara da shekaru, ta dawo wa tsoho da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya kamar ɗamara, abin da likitoci ke kira zona, kuma jikan da ya taɓa ruwan ƙurajen kakarsa zai iya ɗaukar ƙarambau. Mu ma a makaranta muna son takarda daga gare ku da hukumar ilimi, mai cewa yaro ya zauna gida har ƙurajensa su bushe, malama mai ciki da ba ta taɓa yi ba kuma a janye ta daga ajin. Ni da kaina na bar yara masu ɗanyen ƙurji sun zauna a aji don kada karatu ya wuce su. Wannan yana cikin abin da ke hana ni barci.

Faccalata ta warke, tabo ya cika mata fuska da baya, ba ta cika magana ba yanzu. Ita kam ta samu garkuwarta, a farashin da kuka ji. Amma tana da ƙanwa, ƙauye ɗaya suka tashi, ɗaki ɗaya suka kwana, an sa bikinta bayan kaka, kuma nan cikin gari za a kawo ta, gidan da yara suka fi na gidanmu yawa. Da ta zo mana kwana biyu na zaunar da ita na tambaye ta. Ta ce ba ta taɓa yi ba. Na aika aka tambayi mahaifiyarsu, ta ce ko ɗaya cikin ƴaƴanta bai yi ba. Mijina da ƙanensa sun ce ko nawa ne za su haɗa su biya. Watannin da suka rage sun isa allura 2 in an fara da wuri. Ranku ya daɗe, ku faɗa mana ƙofar da za mu kai ta.

Wassalam.

Taku,
wata malamar makaranta, Maraɗi.